Akwatin Inna da butar shayinmu

Na gaji da kalmomi biyu a bakinmu, mu ƴan lakwal: "ba lokaci", "ba kuɗi". Ka tambayi wani ina labarin da ya ce zai rubuta tun bara, sai ya ce sai burs ta fito. Ta fito, ta shige, labarin yana nan a cikin kansa.

Kada wani ya koya mini talauci, ni ɗan Guci ne. Na san ana komawa aji a watan Oktoba gero na jiran ɗauri, kuma baba bai san wani abu wai shi jarrabawa ba idan damma suna zube a gona. Na san yadda gidaje suka ji a jiki da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, hanyar kasuwar Maigatari ta zama sai ta daji. Yayana ya bar aji ya tafi ci-rani Kano, kuma ba lalaci ya kai shi ba. Wannan duka gaskiya ne.

To amma mu da muka tsira muka iso Damagaram fa? Muna zama fada daga bayan isha'i har sai shayi na uku ya salance. Sa'a uku ke nan, kullum! Da ni a ciki, ban cire kaina ba. Kuɗin sukari da gawayi da na shiga WhatsApp ba su taɓa gagarar mu ba, sai na takarda.

Innata ba ta taɓa riƙe alkalami ba. Tana cikin Mata Masu Dubara, tsarin nan da aka faro a jihar Maraɗi a 1991. Kowane mako ta kai ɗan abin da ta samu a ƙuli-ƙuli, a jefa a akwatin ƙarfe, mabuɗai a hannun mata daban-daban don kada zuciya ta ci wata. Da wannan ta sayi akuya. Ƴar akuyar aka sayar aka biya mini kuɗin mota. Ranar da na yi mata kukan rashi, cewa ta yi: "Kai ɗan nan, mu da muke tarawa mun fi ku samu ne?" Ban samu amsa ba, wallahi.

Wannan ɗan littafi da ke hannunka haka aka yi shi. Mu 12, kowa dala 20 a mako. Mako 10, jika 12. Fotokofi dala 5 shafi guda, sai muka fitar da kwafi 30 masu shafi 16. Mutum biyu sun janye a mako na huɗu, suka ce abin wasan mata ne, muka raba kasonsu tsakaninmu. Yanzu su ne ke aro suna karantawa.

Akwatin fitowa ta biyu yana buɗe. Ran Alhamis bayan la'asar, ka zo da dala 20 da shafi ɗaya rubutacce. Wanda ya zo da uzuri kawai, shi zai wanke butar shayi.