Wa ke duba buhun da ba a sanar da zuwansa ba?



A Amurka, tun shekarar 2003, duk wanda zai shigo da abinci dole ya sanar da hukumar FDA kafin kayan su iso: awa 2 idan ta mota ne, awa 4 ta jirgin sama, awa 8 ta ruwa. Wanda bai sanar ba, kayansa a tashar za su tsaya. Mu ma muna da namu tsarin. Ɗan kasuwa zai cike takardun banki da na kwastan tun kafin jirgi ya iso Apapa, NAFDAC kuma ta ba da izini. A takarda, ba laifi.

To amma kada mu manta, a 2011 gwamnati da kanta ta fitar da NAFDAC daga tashoshin ruwa, ba ta koma ba sai 2018. Shekara bakwai mai gadi yana waje!

Ko yanzu da ta koma, sanarwa aikin mai gaskiya ce. Mai fasa-ƙwauri da ke ratso daji ta Babanna ba ya aika wa kowa wasiƙa. Mun ga abin da ya faru a Kano a 2021, dab da azumi. Aka sayar da wani sinadari da sunan ɗan tsami, aka haɗa lemo da shi, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Sai da aka yi jana'iza sannan aka shiga kasuwanni ana kama buhuna. Wannan ba tsaro ba ne, ta'aziyya ce.

Kuma daga ina 'yan tirede da masu shagunanmu ke saro kaya? Kano da Minna. Abin da ya shiga kasuwar Singa yau, jibi yana cikin zoɓon da yaranmu ke sha a ƙofar makaranta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko hukumar ta gano gurɓataccen kaya, da Turanci take sanarwa a intanet. Iyayenmu mata masu ƙulla ɗan tsami a leda ina za su gani? Ofishin NAFDAC na Minna ya fassara kowace sanarwa zuwa Hausa, Nufanci da Gwaranci, a karanta a rediyo, a aika wa sarakunan kasuwa.

Mu kuma, duk buhun da ba shi da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a bar wa dillali abinsa, ko da rabin kuɗi ya faɗa. Zan gabatar da maganar a zamanmu na gaba, ina roƙon masu shaguna su halarta.