Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ya ku ɗalibai, a duk shekara idan lokacin jarrabawar shiga jami'a ya gabato, shagunan littattafai sukan cika da masu neman kundin tsofaffin tambayoyi. Ɗalibi zai saya, ya buɗe shafin amsoshi, ya duƙufa ga hadda: tambaya ta ɗaya amsarta kaza, ta biyu amsarta kaza. Ni ra'ayina ya saɓa da wannan. Idan kuna son cin jarrabawar gwajin basira, ku fara bitar lissafi da kimiyya daga littattafanku na ƙaramar sakandare, waɗanda kuka jefa ƙarƙashin gado. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ku dubi jarrabawar da hukumar JAMB take shiryawa. An kafa hukumar a shekarar 1978, kuma a yanzu da kwamfuta ake rubuta jarrabawarta. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180, lokacin da aka ba ku kuwa awa 2 ne. Ku yi lissafin da kanku. Awa 2 daƙiƙa 7,200 ke nan. Idan kun raba wannan gida 180, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40. A cikin daƙiƙa 40 za ku karanta tambaya, ku fahimce ta, ku yi aikinta, ku zaɓi amsa. Ɗalibin da har yanzu yake ƙirga 7 sau 8 da yatsu, lokaci zai ƙare masa tun bai kai rabi ba.

Masu shirya irin wannan jarrabawa ba sa bukatar tambayoyi masu wuyar gaske domin su gane wanda ya fahimci darasi. Ƙaramar tambaya ta ishe su. Ga misali. Wata 'yar kasuwa tana sayar da mudun shinkafa a kan naira 1,000. Ta ƙara kashi 20 cikin 100 a kan farashin. Da ta ga ciniki ya ragu, sai ta rage kashi 20 cikin 100 daga sabon farashin. Nawa take sayarwa yanzu? Ɗalibai da yawa za su ce naira 1,000, tunda abin da aka ƙara shi aka rage. Amma ku bi a hankali. Bayan ƙarin, farashi ya zama naira 1,200. Kashi 20 cikin 100 na 1,200 shi ne 240. Saboda haka farashi ya koma naira 960. Babu wani abu a nan da ba a koya muku a ƙaramar sakandare ba. Kuma ku sani, wannan amsa ta naira 1,000 za ku tarar da ita a cikin zaɓin da aka jera muku, tana jiran mai gaggawa.

Ga wani misalin. Direba ya yi tafiyar kilomita 120 yana gudun kilomita 60 a awa ɗaya. Da zai dawo, hanya ta cika da motoci, sai ya riƙa gudun kilomita 40 a awa. Mene ne matsakaicin gudunsa? Mai sauri zai tara 60 da 40, ya raba biyu, ya ce 50. Amma zuwa ya ɗauke shi awa 2, dawowa kuma awa 3. Ya yi kilomita 240 cikin awa 5 ke nan, wato kilomita 48 a kowace awa. Wanda ya haddace "48" daga tsohon kundi zai faɗi idan aka sauya 40 ta zama 30. Wanda kuwa ya san cewa ana raba jimlar tazara ne da jimlar lokaci, ko yaya aka juya tambayar zai amsa ta.

Haka abin yake a kimiyya. Me ya sa manja yake tasowa saman ruwa? Domin lita ɗaya ta manja ba ta kai lita ɗaya ta ruwa nauyi ba. Me ya sa kwalbar da aka cika da ruwa take fashewa idan ruwan ya daskare a firji? Domin ruwa yana ƙara girma idan ya zama ƙanƙara, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa. Me ya sa ruwa yake tafasa a Jos kafin ya kai zafin da yake tafasa a Legas? Domin Jos tana kan tudu, inda iska ba ta danne ruwan da ƙarfi kamar yadda take yi a bakin teku. Ɗalibin da ya saba tambayar "me ya sa" a ɗakin girkin gidansu ya riga ya fara bita.

Wani zai ce, to, tsofaffin tambayoyi ba su da amfani ke nan? Suna da amfani ƙwarai. Su ne za su nuna muku salon tambaya, su kuma koya muku aiki da lokaci. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shafin amsoshi. Ku rufe shafin, ku ajiye agogo a gabanku, ku yi aikin da fensir da takarda. Bayan kun gama sai ku duba. Duk tambayar da kuka faɗi, ku rubuta ta a littafi na musamman, tare da dalilin kuskuren. Ko ba ku karanta tambayar da kyau ba ne? Ko kun manta mai da minti ya koma awa, ko giram ya koma kilogiram? Ko kuwa ba ku fahimci darasin ba tun farko? Idan na ƙarshen ne, ku koma babin da ke cikin tsohon littafi, ko ku je wurin malaminku. Tambaya rabin ilimi ce.

Na san abin da yake hana da yawa daga cikinku yin haka: kunya. Ɗalibin ajin ƙarshe ba ya son ƙaninsa ya gan shi riƙe da littafin aji ɗaya yana koyon rabi da sulusi da rubu'i. Ku auna wannan kunya da abin da za a rasa. Sau ɗaya ake yin jarrabawar JAMB a shekara. Wanda bai sami makin da ake bukata ba zai zauna gida har wata shekarar, iyayensa kuma su sake biyan kuɗin rajista. Kunyar mako biyu ta fi zaman shekara guda sauƙi.

Kada ku jira sai jarrabawa ta ƙarato, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ware minti 30 a kowace rana, ku warware tambayoyi biyar na lissafi da biyar na kimiyya. Cikin kwana 30 kun yi tambayoyi 300. Idan kun dawo daga makaranta yau, ku nemo littafin lissafinku na aji ɗaya, ku kaɗe masa ƙura, ku fara daga babin da kuka fi tsoro.