Ruwa Ya Janye, Jama'ar Kujama Mu Sauka Gaɓa

Jama'ar Kujama da kewaye, 'yan uwa na Kajuru da Kachia da Kagarko, da Kwoi har zuwa Kafanchan, damina ta tattara nata ya-nata. Rafukan da suka cika suka batse a watan Agusta yanzu sun koma tsakiyar kwari, yaro ma tsallakewa yake da wando a naɗe. Masu lambu sun fara share fadama, 'yan tifa sun dawo ɗibar yashi. Kira nake gare ku da mu ƙara aiki ɗaya a kan waɗannan. Mu sauka gaɓa mu duba abin da ruwan bana ya tono, tun kafin shebur ta kwashe shi a zuba a ginin wani a Sabon Tasha.

Duk wanda ya tashi kusa da rafi ya san halinsa. Inda ya yi kwana, gefen waje yake ci, yana zabtare gaɓa shekara bayan shekara har ta tsaya a miƙe sama da tsayin mutum. Abin da ya zabtaro kuwa ba ya kai shi nesa in yana da nauyi, a gefen ciki yake ajiye shi cikin tsakuwa. Je ka tsaya gaban irin wannan gaɓa da hantsi. Za ka ga ƙasa hawa-hawa: baƙa a sama, ja a ƙarƙashinta, sannan wani siririn layi mai toka-toka da gawayi, bakin tsingaron tukunya ya leƙo daga ciki. Wannan layin tsakar gidan wasu ne. Sun dafa tuwo a nan, sun zubar da toka, sun fasa tukunya, ƙasa ta rufe su tun ba a san za a yi Kujama ba. A cikin tsakuwar ma akan tsinci dutsen niƙa da ya lotse a tsakiya, da kashin maƙera, da guntun lofe, da wuri, da anini mai huji, da sulɓaɓɓen dutsen nan da iyayenmu ke kira gatarin aradu, wanda hannun mutum ne ya wasa shi tun kafin a san ƙarfe.

Kada kowa ya ce wannan shirmen yara ne. Mafi girman labarin da ƙasarmu ta kudancin Kaduna ta ba duniya daga cikin tsakuwar rafi ya fito. A 1928 masu wankin kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, suka ci karo da wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san ko na waye. Bayan shekara 15, a 1943, sai wani kan ya sake fitowa a wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a. Malamin da ke rubuta sunayen leburori ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa a kan sanda ya zama mutum-mutumin korar ɓarna. Haka ya sha rana da ruwa kusan shekara guda kafin manajan wurin ya lura da shi ya kai Jos, ya faɗa hannun wani matashin jami'in mulki mai ilmin tone-tonen tarihi, Bernard Fagg. Shi ne ya ajiye kawunan biyu gefe da gefe ya ga hannu ɗaya ne: ido mai kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, kitso mai tsari. Sai ya bi sansanonin kuza yana roƙon leburori duk wanda ya ga irinsu ya ajiye masa. Suka ajiye. Da abin da masu kwanon sarki suka tsinto aka cika gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Ku lura da wannan da kyau. Leburori ne suka gano Nok. Mai ilmi daga baya ya zo.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka shiga aiki a yankin, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Binciken nasu ya nuna mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu. Gero suke nomawa, da wake, suna cin atili kamar yadda muke ci. Suna narka tama su fitar da ƙarfe tun fiye da shekara 2,500 da suka wuce. A 2021 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa tsingarayen tukwanensu, aka samu ragowar kakin zuma a jikin da yawa daga ciki, wato shekara 3,500 ke nan ana cin zuma a wannan dajin. To da me aka san duk wannan? Da ƙonanniyar ƙwayar gero, da ɗan gawayi, da fasasshen kasko. Da tarkacen da mai haƙar sata ke watsarwa da ƙafa don ya kai ga kan da zai sayar.

Nan ne inda zuciya ke ɓaci. A shekarun 1990 dillalai suka shigo ƙauyukanmu da kuɗi a jaka, matasa suka ajiye fartanya suka ɗauki diga, aka bi tsaunuka da kufai ana ramuka. Ko da Jamusawan nan suka iso, galibin wuraren da aka nuna musu an riga an birkice su. Kayan kuma sun bi ta kan iyaka sun ƙare a Turai da Amurka. A 2000, da aka buɗe sabon sashe a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, sai ga gumakan Nok biyu a baje, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam. A shekarar ce ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok a jerin kayan Afirka da ake wawushewa. Bayan ka-ce-na-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa na Najeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25. Yaron Kwoi da ke son ganin wannan aikin na kakannin ƙasarsu sai ya nemi biza. Wanda ya tono su kuwa, abin da aka ba shi tuni ya ƙare a cefane.

Ba na zagin mai sayarwa. Na san kuɗin taki, na san kuɗin makaranta, na san yadda rani ke yi wa magidanci. Amma a yi lissafi. Abu in ya bar wurin da ya kwanta ba tare da an rubuta ba, rabin amfaninsa ya tafi, domin shekarunsa daga gawayin da ke kusa da shi ake aunawa, ma'anarsa kuma daga abin da aka binne shi tare da shi ake ganewa. Masanan nan sun lura cewa yawancin gumakan da suka samu a mazauninsu da gangan aka farfasa su aka zuba a rami, wasu a kusa da jerin duwatsun da ake kyautata zaton kaburbura ne. Da dillali ne ya riga su, da ya liƙe guntayen da gam, ya cike giɓi da sabon yumɓu, wannan labarin kuma ya tafi har abada.

Ga wanda ya yi akasin haka. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Bai faskara ya hura wuta ba, ya je ya sanar da hukuma. Da aka tono shi a 1994 sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Yana Damaturu yanzu. Mutum ɗaya ne ya riƙe hannunsa ya buɗe bakinsa.

A Ingila wannan tsince-tsince sana'ar sha'awa ce mai doka. Kogin Thames da ya ratsa Landan yana janyewa sau biyu kowace rana, mutane su sauka cikin taɓo da dogayen takalma suna tsintar tsabar kuɗin Rumawa da lofe da allurai. Amma ba mai tsince-tsince sai da takardar izini daga hukumar tashar jiragen ruwan Landan, kuma tsohon abu in an samu sai an kai an rubuta. Tun 1997 suke da tsarin rajistar abin da talakawa suka tsinta, yau abin da ke cikinsa ya haura miliyan ɗaya. Su nasu kogin kullum yake buɗe musu ƙofa. Namu sau ɗaya ne a shekara, daga ƙarshen Oktoba zuwa saukar ruwan fari, kuma ba mu da rajista ko ta littafin sha biyu.

To mu buɗe ta. Malaman makarantun firamare da sakandare na Kujama, da ku nake fara magana. Ku sayi littafi ɗaya mai kauri. Ranar wata Asabar cikin hunturu ku ɗauki 'yan aji ku sauka rafin da ke bayan gari, ku koya musu tafiya a hankali da ido a ƙasa. Abin da aka gani a kan yashi a sake, wanda ruwan baɗi zai tafi da shi, a ɗauke shi hoto a inda yake tukuna, a ajiye biro a gefensa don a san girmansa, a danna waya ta nuna wurin, sannan a ɗauka a naɗe da takarda mai sunan rafin da ranar da sunan wanda ya gani. Kada a goge shi da burushin ƙarfe, kada a liƙa fasassu. Abin da kuwa yake maƙale a jikin gaɓa, a bar shi. Hoto kawai, sai sanarwa. Ido aka ce a kai, ba diga ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana tono ba izini, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje, kuma aikin hannun mutanen ƙasa da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kare.

Masu ɗibar yashi, ku ne kuka fi kowa gani. Kullum sheburku tana cikin tsakuwar da malami sai ya yi shiri zai taka. In kun ji ta bugi abin da ba dutse ba, ku dakata na minti biyu. Masunta, masu lambu, makiyaya masu kai shanu mashaya, iyayenmu mata masu wanki a bakin ruwa, ku ma haka. Ku matan Gbagyi musamman, da kuka gaji ginin tukunya kaka da kakanni, har hoton Ladi Kwali ya hau takardar naira 20, ku kuka fi kowa iya duban tsingaro ku ce wannan zanen irin na kakarmu ne, wannan kuwa ba mu san hannun da ya yi shi ba. Wannan sanin babu shi a littafi.

Akwai maganar da dole a faɗa a coci da masallaci. Sau da yawa in yaro ya kawo kan yumɓu gida, babba ne ke cewa kayan tsafi ne, a fasa ko a mayar ruwa. Fastocinmu da limamanmu, shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku taimaka. Ba wanda ya ce a durƙusa wa abin nan. Shaida ce cewa Allah ya zaunar da mutane masu basira a wannan ƙasa tun kafin sunayen da muke rigima a kansu yau. Wanda bai son ya kwana da shi a ɗaki ya kai fadar mai unguwa, ba sai ya sa masa taɓarya ba.

Ban manta da halin da muke ciki ba. Chikun da Kajuru da Kachia sun ga abin da suka gani. Shi kansa Farfesa Breunig an sace shi da abokin aikinsa a kusa da Janjala a Fabrairun 2017, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu don ceto su. Don haka ba a ce kowa ya kutsa daji ba. A tsaya rafukan da ke kusa da gari, a tafi a ƙungiya, da rana, da sanin mai unguwa da 'yan sintiri. Kada a tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta yi rumfa, tana iya ruftawa. Mutanen Kachia kuma, da ke maƙwabtaka da makarantar sojojin igwa, duk wani ƙarfe mai kama da harsashi ko gwangwani a toshe ba kayan tarihi ba ne, a ja da baya a kira hukuma.

Iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku, a ware ɗaki ɗaya ko akwati ɗaya a fada inda talaka zai kawo abin da ya tsinta ba tare da tsoron za a kama shi ko a ƙwace masa gona ba, domin wannan tsoron ne ke tura mutane hannun dillali. Jami'an gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna da na Nok, da malaman sashen tone-tonen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ku ma da naku. In an kira ku, ku zo. In kun karɓi abu, ku ba da rasiɗi, ku rubuta sunan wanda ya tsinta da garinsu a jikin takardar da za a manna masa, ku dawo ku gaya wa mutane abin da kuka gano. Shugaban ƙaramar hukumar Chikun, sakatariyarka a Kujama take, kabad ɗaya mai gilashi ba zai karya asusu ba.

'Yan uwa da za ku dawo gida hutun Kirsimeti da sabuwar shekara daga Abuja da Legas da Zariya, ku ne masu manyan wayoyi. Ku ba da yini ɗaya. Ku ja ƙannenku, ku nemi wani dattijo ya nuna muku inda tsohon gari yake kafin a sauko daga dutse, ku bi rafin da ke ƙarƙashinsa. Ruwan fari yana sauka ne a watan Afrilu. Kafin nan, kowace makaranta a Kujama ta buɗe littafinta, a fara rubutu a shafin farko.