Wa Ya Ce Kakarsu Ta Yanke Saƙa?

Da an ji Bahaushe ya auri Baturiya, ko 'yarmu ta auri mutumin Sin, sai majalisar mai shayi ta yanke hukunci: kakarsu ta yanke saƙa, ko kuma biza ake nema. Wannan magana zalunci ce, domin da ita muke wanke hannunmu daga gidajen da suka fi kowa bukatar dangi.

A duba doka tukuna. Sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba shi da wannan ƙofa, sai ya bi sashe na 27, mai neman zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 aka kai ƙudurin gyara gaban Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka yi watsi da shi. Ɗan da 'yar Najeriyar ta haifa wa baƙo ɗan ƙasa ne a doka, amma ranar da ya je neman takardar asalin ƙaramar hukuma, tambayar farko ita ce: "Ina garin ubanka?"

Can Guangzhou, inda fatakenmu ke saro kaya, ƙasar Sin ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, kuma bizar zama da iyali ba ta ba baƙon da ya yi aure a can izinin aiki. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya, wasu suka kwana a titi. Wane arziki ne wannan?

Abin da ya fi ci mini rai a cikin gidajenmu yake. Amarya baƙuwa tana zaune a tsakar gida ranar suna, ana hira a kanta da Hausa, ana dariya, babu mai fassara mata. Ta haihu, uwarta tana wata duniya, dangin miji sun ce ai mai kuɗi ce, ta ɗauki 'yar aiki. Ɗanta kuma a makaranta sunansa "ruwa biyu", wani ma ya kira shi barbarar yanyawa, malami yana ji ya yi shiru.

Baƙin matan da suka auri 'yan Najeriya sun daɗe da kafa ƙungiyar Nigerwives suna riƙe juna. Aikin da ya kamata surukai su yi ke nan: koya mata gaisuwa, raka ta awo, zama da ita kwana arba'in. Su kuma wakilanmu da ke Abuja a 2022, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya yadda suka jefa ƙuri'a a kan sashe na 26.