Kwanan Tanti Kusa da Zangon Bent



Ɗan kawuna da ke karatu a Amurka ya turo min hotunan yawon da suka yi a jihar Kolorado. Sun je ganin tsohon Zangon Bent kusa da garin La Junta, a gaɓar kogin Akansas. Ba a yarda a kwana a cikin ginin ba, sai suka kafa tanti a wani wurin da ke kusa, suka gasa nama, suka yi barcinsu. Ya ce min daɗi kawai. Ni kuwa ban ga abin a haka ba.

A shekarar 1833 ne 'yan uwa biyu, William da Charles Bent, da abokin cinikinsu Ceran St. Vrain suka gina shi da tubalin ƙasa, kai ka ce gidan wani attajiri ne a Kano. Ayarin da ke bin hanyar Santa Fe a nan yake yada zango, 'yan ƙabilar Shayen da Arapaho kuma suna kawo fatun ɓauna su karɓi kaya. William har ya auri 'yar Shayen, suka haifi 'ya'ya. Duk ɗan Sabo ya san wannan zama: baƙon ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce amanar masu gari.

An bar zangon a 1849. Ginin da ake gani yanzu an sāke shi ne a 1976.

To ga abin da ɗan kawun nawa bai faɗa ba. A ranar 29 ga Nuwamba 1864 sojojin Kanar Chivington suka faɗa wa sansanin Shayen da Arapaho a Sand Creek, suka kashe fiye da mutum 150, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. 'Ya'yan William biyu, George da Charles, suna cikin sansanin. Na ukun, Robert, shi sojojin suka tilasta wa ya nuna musu hanya. Wa'iyazubillahi.

Sand Creek ɗin nan a gabashin Kolorado yake, tafiyar 'yan awoyi a mota. Na ce masa in dai kuɗin mai ya ishe su zuwa gashin nama, ai zai ishe su zuwa can. Ya ce sai hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu.