Kafin a ɗora wa AI laifi, a duba takardar aiken da aka ba shi

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce matsayin amsa tambaya kawai. Yanzu ana aikensu: su duba saƙonni, su sayi tikitin jirgi, su biya kuɗi. Irin waɗannan su ake kira wakilan AI. Amma wakilin ba shi da ido ko hannu, sai ya bi ta wata manhajar kafin ya taɓa komai. Abin da ya sani game da ita kuwa bai wuce sunanta, da 'yan layukan bayani, da jerin guraben da zai cike ba.

Waɗannan 'yan layukan su ne suka fi buƙatar bincike, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tun a watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya bai wa masu haɗa manhaja damar bayyana wa AI ayyukan da zai iya kira. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP, wanda ya zama kamar soket guda da kowace manhaja za ta iya jonuwa da shi, kuma a 2025 OpenAI da Google suka rungume shi. Sai dai tsarin ya tsara yadda za a miƙa bayani ne kawai. Ingancin bayanin yana hannun wanda ya rubuta, wanda sau da yawa mai haɗa manhaja ne da ya gaji, ya rubuta layi ɗaya ya wuce.

Ga misali. Tsarin karɓar kuɗi na Paystack yana lissafi da kobo ne, kamar yadda Stripe ke lissafin dala da santi. Mutum zai ga haka a takardun kamfanin. Amma a ce wani ya haɗa wakili da irin wannan tsari, ya rubuta "adadin kuɗi" kawai a gurbin. Aka ce wa wakilin ya karɓi naira 5,000, ya rubuta 5000, aka karɓi naira 50. Manhajar ba ta lalace ba, wakilin ma bai saɓa umarni ba. Kalma ɗaya ce ta ɓace.

Irin wannan ba sabon abu ba ne. A Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka ma'aunin mita ne. Injiniyoyi ke nan masu iya ɗaga waya su tambayi juna. Wakilin AI kuwa sau da yawa ba ya tambaya, cike giɓin yake yi da hasashe.

To, ta yaya za a gane bayani mai inganci? Ya kamata ya amsa tambayoyi huɗu. Me manhajar take yi? Yaushe ne bai kamata a yi amfani da ita ba? Wane irin abu ake sakawa a kowane gurbi, kuma da wane ma'auni? Sannan shin abin da za ta yi yana warwaruwa? Ta ƙarshen ta fi nauyi, domin duba fayil daban, goge shi daban. Shi ya sa tsarin MCP ya tanadi alamar da ke nuna ko manhaja karatu kawai take yi ko tana iya gogewa, kodayake alamar ikirarin mai manhajar ce, ba tabbaci ba.

Amma karanta bayani a ce ya yi daɗi ba gwaji ba ne. Wanda ya haɗa manhajar shi ne mafi raunin alƙali, domin abin da ya manta bai rubuta ba yana cikin kansa. Gwajin gaskiya shi ne a jera ayyuka na zahiri, a bai wa wakilin, a ƙirga sau nawa ya zaɓi manhajar da ta dace, sau nawa ya cike guraben daidai, da kuma sau nawa ya ƙi taɓa komai lokacin da babu wadda ta dace. Idan aka sauya kalma ɗaya a bayanin, a sake gwajin. Masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suna auna manhajojin AI da irin wannan ma'auni. Abin da ya rage shi ne kamfanoni su juya shi kan nasu rubutun.

Akwai kuma batun tsaro. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin wata ƙaramar manhajar tara lambobi biyu, har wakilin ya kwashi mabuɗan sirri daga kwamfuta ya tura waje. Mai kwamfutar bai ga umarnin ba, amma wakilin ya karanta ya bi. Ke nan tambaya ta biyar ita ce: shin abin da aka nuna wa mutum shi ne abin da aka faɗa wa na'ura?

Wasu za su ce basirar AI na ƙaruwa, nan gaba zai gane ko da bayanin ya gaza. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma komai wayon ɗan aike ba zai san abin da ba a faɗa masa ba. Wayon ma kan sa hasashensa ya yi kama da gaskiya, ya yi wuyar kamawa.

Don haka duk kamfanin da zai bar wakili ya taɓa kuɗi ko bayanan jama'a, ya gwada waɗannan layuka kamar yadda yake gwada manhajar kanta, ya kuma ɗauki alhakinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kuɗin mutum suka salwanta, "AI ne ya yi kuskure" ba amsa ba ce, matuƙar ɗan'adam ne ya rubuta takardar aiken.