Fitilar Da Mai Ita Ba Ya Gani

Mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai an gaya masa. Haka lamarin fitilar birki yake. Direba na zaune gaba, ita tana can baya, tana iya mutuwa wata uku bai sani ba, sai ran da na bayansa ya afka masa, sa'an nan a tsaya bakin hanya ana rantse-rantse. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In na baya ya makara da daƙiƙa ɗaya tak domin bai ga ja ba, ya riga ya ci tsawon ƙananan motoci biyar ƙafarsa ba ta kai birki ba.

Mun tā da wannan magana ne domin malamai da akawuna ba su cika hawan sabuwar mota ba. Abin da albashi ke iya kamawa shi ne tsohuwa, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, waɗanda har yanzu akan ci karo da su. Tsufa ba laifi ba ne. Amma fa tsohuwar mota tana bukatar mai ita ya san ciwonta, ba ya miƙa wuya ga bakanike kamar akuya a hannun mahauci ba.

Hanyar wutar ba ta da wuyar ganewa. Daga batir take tasowa, ta ratsa fis, ta zo makunnin da ke jikin fedar birki, ta bi waya har ƙwan fitila, sa'an nan ta koma batir ta ƙarfen jikin motar. Ko ina aka yanke wannan zagaye, duhu ne. To, sai a bi ta daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

A kunna mota, a sa yaro ya tsaya baya, a taka birki. In babu yaro, a ja da baya kusa da bango da magariba a duba ta madubi. In gefe ɗaya ne ya mutu, kada a taɓa fis ko makunni, gama su biyun duka suke yi wa aiki. Laifin na ƙwan ne ko mazauninsa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙwan baya na tsofaffin motoci sau da yawa zare biyu gare shi a ciki, ƙaramin mai wat 5 na fitilar dare, babban mai wat 21 na birki. Babban yana iya ƙonewa ƙaramin na nan da ransa, mai mota ya leƙa da dare ya ga ja, ya tafi ya kwanta hankali kwance. A cire ƙwan a ɗaga shi wajen haske a dubi zaren nan biyu, a kuma kankare tsatsar mazaunin.

In duka biyu ne suka mutu, sai a fara da fis. In ya ƙone a sa wani mai lamba daidai da tasa. In sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayar da ta saɓule tana taɓa ƙarfe, galibi inda take gogar wani kaifi, sai an neme ta. Muna roƙon jama'a su bar mugun halin nan na naɗe fis da takardar kwalin taba mai walƙiya ko ɗaure shi da waya. Fis mai gadi ne, an yi shi ya mutu domin mota ta tsira. Wanda ya hana shi mutuwa, waya ce za ta ɗauki zafin a madadinsa, ta narke, gobara ta biyo.

Fis lafiya, fitila shiru, to, saura makunni. A zare wayoyinsa biyu a haɗa bakinsu. In fitila ta kama, an kama ɓarawo. Wasu tsofaffi, irin su Volkswagen Beetle da Land Rover ta dā, makunninsu ba a feda yake ba, matsin man birki ne ke kunna shi. In ya tsufa ba ya kamawa sai an taka da ƙarfi, watau a tsayawar yau da kullum na baya ba ya ganin kome. Wannan kam a bar wa gwani, domin wajen sauya shi iska na iya shiga man birki, garin gyaran fitila a rasa birkin ɗungum.

Akwai kuma ciwon da ke sa a ce mota ta yi aljanu: a taka birki fitila ta yi dishi-dishi, ko ta kwana ta kama ba a kunna ta ba. Ba aljanu ba ne. Tsatsa ce ta ci wurin da fitila ke haɗuwa da ƙarfen mota, wuta ta rasa hanyar komawa, ta ratsa ta ƙwan maƙwabci. Goge wurin a ɗaure ƙusarsa tamau ya isa.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma ba ta da ma'aikacin da za ta tsayar ƙofar gidan kowa da asuba. Mu dai shawararmu, kowane mai tsohuwar mota ya ware rana ɗaya a mako ya duba, ya kuma ajiye ƙwai biyu da fis biyu cikin aljihun motar. Wanda ya tarar tasa ta mutu kuwa, kada ya kama hanyar dare sai ya gyara. In dole ta sa ya kai ta wurin mai gyara da rana, ya tafi sannu, ya riƙa fid da hannu ta taga yana kaɗa shi ƙasa kafin ya taka birki.